Yatsan da Bai Koma Farkon Layi Ba

Duk wanda ya taɓa kai masa gyara da suna ɗaya ya san shi: Kashe-Kunna. Ba shi ya raɗa wa kansa ba. Ko me ka ajiye masa a kan teburi, rediyo ne, sikeli mai batir ne, agogon bango ne, kafin ya ɗauki sukudireba sai ya tambaye ka, "Ka kashe ka kunna?" In ka ce ka yi, sai ya ce, "To, bari in yi nawa." Ya kashe, ya ƙirga goma a ransa, ya kunna. Sai bayan nan zai saurari ƙorafinka.

Daga makaranta ya taso da wannan ɗabi'a. A makarantar mishan da ya yi akwai wani malamin lissafi, dogo, mai gashi a kunne, wanda ba ya yarda a fara sabon lissafi sai an goge na baya tas, har kusurwar allo. Kowane ɗalibi yana da ɗan tsumma a jiƙe cikin gwangwani. Wanda ya bar ko wutsiyar bakwai a gefe, malam zai ɗaga allonsa sama kowa ya gani, ya ce, "Wannan ta jiya ce ko ta yau?" 'Yan ajin da yawa sun manta raba dogon lissafi kafin su yi aure. Kashe-Kunna bai manta ba, kuma bai manta tsumman ba.

Da ya gama makaranta aka ɗauke shi a gidan waya, sashen tangaraho. Shekara goma sha tara ya yi yana shafa wa injunan mai, yana daidaita haƙoransu, yana sauraren ƙararsu kamar likita da ƙirjin majinyaci. A wancan zamani mutum yakan auna kalma kafin ya aika ta, kuma ko gaisuwar mutuwa ba ta wuce layi biyu. Ranar da aka rufe sashen, shi ya kashe injin ƙarshe da hannunsa, ya lulluɓe shi da zane, ya miƙa makulli. Ya kama shago a ƙarshen layin makanikai, tsakanin mai walda da mai facin taya, ya shiga gyaran rediyo. Aka yi shekaru. Sai rediyo ta zama abin da in ya lalace ake jefarwa a sayi wani.

Yana da shekara hamsin da biyar ya fara koyon sabuwar sana'a. 'Yarsa ta bar masa tsohuwar kwamfutarta da za ta tafi aiki wani gari, shi kuma ya sayo wasu 'yan alluna na lantarki, kowane bai fi tafin hannu ba, irin waɗanda ake sa wa injin ban ruwa ko firij su zama ƙwaƙwalwarsa. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama don ta yi shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya, ta leƙo ta ga furfura a sunkuye gaban kwamfuta, ta ce, "Maigida, tsufa ne ya zo da wasan yara?"

"Tangaraho ce ta dawo, Malama," ya ce. "Kalma kaɗan, kowace a gurbinta."

Kuma gaskiyarsa. Irin waɗannan ƙananan ƙwaƙwalwa ba su da hoto, ba su da abin dangwalawa. Waya ake jona musu daga kwamfuta, a rubuta musu layi ɗaya: sunan aikin da ake so, sai zaɓuɓɓuka a bayansa. Kowane zaɓi kalma biyu ne, harafi mai karan ɗori a gabansa, sai lamba. Ba mai gyara ne ke rubuta abin da zai tsinci waɗannan zaɓuɓɓuka ba. Yana zuwa ne cikin tarin ƙananan ayyuka da wasu suka riga suka rubuta, wanda masu sana'ar ke kira laburare. A cikinsa akwai wani ɗan aiki, mai karanta zaɓi, da ke bin layi kalma bayan kalma yana miƙo wa inji abin da aka nema. Kashe-Kunna bai yarda da karatu a fuskar kwamfuta ba. Ya kai bayanin laburaren gaba ɗaya aka buga masa a takarda, ya ɗinke da zare, ya yi masa bango da kwalin sabulu. Duk inda ya ga muhimmi ne ya ja masa jan layi da rula. Littafin ba ya rabuwa da jakarsa.

Cikin shekara shida ya yi wa masu lambu uku injin ban ruwa, ya yi wa wata makaranta ƙararrawa mai kaɗa kanta. Ba wanda ya dawo da ƙorafi. Sai ƙanwarsa ta zo da nata.

Auta ce a ɗakinsu, kuma har ta yi jikoki ba a daina kiranta Auta ba. Kaji take kiwo, amma ba na kanti ba. Wasu wake-wake ne masu gajerun ƙafafu, jinin kajin mahaifiyarsu, waɗanda Auta ta riƙe irinsu shekara talatin ba ta bari wani zakara ya shiga cikinsu ba. Da tsohon akwati mai fitila take ƙyanƙyasa, tana juya ƙwai da hannu sau biyar a rana, kowane ta yi masa alama da fensir a gefe biyu. Bayanta ya fara ciwo.

"Yaya, ka yi wa bare injin ruwa, ni 'yar'uwarka ina nan ina sunkuyo kamar mai tsintar allura."

Wata huɗu ya yi yana haɗa mata injin ƙyanƙyasa. Ƙofa mai gilashi, tire uku masu raga a gefe, ɗan moto mai karkata su hagu da dama duk bayan awa ɗaya, abin ɗumama iska, kaskon ruwa na danshi, batir na ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Umarninsa ɗaya ne, saita, da zaɓi uku: -z na zafi, -d na danshi, -j na juyi. In aka rubuta -j 0, tiren su daidaita su tsaya cak, domin kwana uku na ƙarshe ba a juya ƙwai. Ɗan tsako na neman kwanciyar da zai huda ɓawo. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, don haka ya ƙayyade mata layi: kalma takwas bayan sunan umarni, ba ƙari.

Sau arba'in ya gwada shi a shago, kuma duk yana rubuce a littafinsa da kwanan wata. Ya kashe, ya ƙirga goma, ya kunna, ya rubuta umarni, inji ya bi. Ya sake kashewa, ya ƙirga goma, ya kunna, ya rubuta wani. Arba'in cikin arba'in.

Auta ta zuba ƙwai ɗari da tamanin. Kwana takwas da zubawa ciwon kaji ya shigo unguwarsu. Cikin mako guda akurkin ya zama wayam, har da zakaran nan mai jan wuya da take ji da shi. Abin da ya rage na kajin Inna a duniya shi ne abin da ke bayan gilashin nan.

Ranar kwana na goma sha tara, da hantsi, yana shan shayi a shago wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, injinka ya raina ni."

"Ina kwana dai tukuna."

"Lafiya lau. Tun jiya nake ce masa ya daina juyi, yana ce mini ya ji, kuma yana ta juyinsa. Yanzu haka uku sun huda ɓawo, ina jin kukansu."

"Ba ki rubuta daidai ba ne."

"To zo ka rubuta naka daidai ɗin."

Ya rataya jaka, ya hau tsohon babur ɗinsa, ko a jikinsa. Ya riga ya san abin da zai tarar: ta manta karan ɗori, ko ta manne harafi da lamba.

Ɗakin injin a bayan gidan yake, ɗan ƙarami, mai taga ɗaya, yana warin dusa da ruwan ɗumi. Kwamfutar da ake rubuta wa injin umarni na kan benci, wayarta a jone. Auta na tsaye ta naɗe hannu a ƙirji. A bakin ƙofa kuma ga mijinta, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, har yau ake ce masa Direba, mutum mai tumbi da son tsokana.

"A'a, ga Injiniya da kansa! Yaya, sannu da zuwa. Na ce mata ta bar wahalar da kai, maganin ai a sunanka yake."

Kashe-Kunna ya amsa gaisuwar, ya sa tabarau, ya leƙa gilashi. Tire ukun a karkace suke zuwa hagu. A na tsakiya ga ƙwai uku da ɗan tsagi kamar an taɓa su da bakin allura.

"Ƙarfe nawa ya yi juyin ƙarshe?"

"Goma daidai," in ji Auta. "Saura minti ashirin da biyar ya sake."

Ya ja kujera, ya rubuta da yatsa biyu, yadda ya saba a kan tafireta: saita -j 0. Ya danna. Inji ya amsa a take: An saita. Ya juya ya dubi tiren. Ko motsi.

Ya sake rubutawa, a hankali, yana duban kowane harafi. An saita. Tiren na nan a karkace.

"Hala kai ma ba ka rubuta daidai ba," in ji Auta.

Direba ya fashe da dariya har yana dafa ƙofa. "Kashe, ka kunna, Yaya! Shekara nawa kana faɗa mana?"

Hannun Kashe-Kunna ya riga ya tashi da kansa ya nufi makunnin da ke gefen injin. Saura kaɗan ya taɓa, Auta ta buge hannun kamar na yaro mai shirin taɓa tukunya.

"Ranar da ka kawo shi na ga abin da yake yi in an kunna. Ba za ka yi mini shi da ƙwai a ciki ba."

Ya tsaya. Ta fi shi gaskiya, kuma shi ya tsara abin haka. In aka kunna injin, bai san inda tire suke ba, sai ya wurga su ƙarshen hagu, ya wurga su ƙarshen dama, da sauri, don ya gane iyakarsa. Da ƙwai na kwana ɗaya ba komai. Da ɗan tsakon da ya sa baki a ɓawo, wannan girgiza ta isa ta kife shi ya shaƙe.

"To a cire wayar moton mana," in ji Direba. "Mota in ta ƙi tsayawa ai makulli ake zarewa."

"In ka zare, a karkace za su tsaya har su ƙyanƙyashe, su gangaro su danne juna. Haƙoran ƙarfen ba sa juyuwa da hannu. Kuma wayar a ciki take."

"Ba mai buɗe mini ƙofar nan," Auta ta ce. "Danshi ya fita, tantani ya bushe a jikinsu, shi ke nan."

Kashe-Kunna ya dubi ma'aunin danshi. Saba'in. 

"Auta, da hamsin da biyar muka fara. Wa ya kai shi saba'in?"

"Ni mana. Wannan kam ya ji."

"Ya ji wannan, bai ji wancan ba? Me kika rubuta? Kada ki gaya mini da ka, nuna mini."

Nan aka ga jini ɗaya ne. Ta jawo wani littafin makaranta daga ƙarƙashin benci. Duk abin da ta taɓa rubuta wa injin yana ciki, da rana da lokaci, da rubutunta mai kwanciya. Ya karɓa, ya zaro fensir daga bayan kunne.

Ranar farko: saita -z 37.5 -d 55. Inji ya bi duka.

Jiya da safe: saita -j 0 -d 70. Ya ce an saita, bai yi komai ba. Ta maimaita sau uku.

Jiya da yamma, da ta ga haka, ta haɗa masa duka ukun: saita -z 37.2 -j 0 -d 70. Danshi ya hau. Zafi bai sauka ba, juyi bai tsaya ba.

Ya sa bakin fensir yana ƙirga kalmomi. Layin farko, huɗu. Na biyu, huɗu, kuma ba a ji ko ɗaya ba. Na uku, shida, aka tsallake huɗu aka ji biyun ƙarshe. Ya sake ƙirgawa. Sai ya buɗe jaka ya fito da littafin nan mai bangon kwalin sabulu, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin mai karanta zaɓi. Shafin cike yake da jan layi. A can ƙasa akwai wata 'yar jimla da bai ja wa layi ba. Ya karanta ta sau biyu, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Minti goma sha huɗu," in ji Direba, yanzu ba dariya.

"Na gan shi," Kashe-Kunna ya ce. Muryarsa ta koma daidai, irin ta mutumin da ya gano inda waya ta tsinke. "Auta, kin tuna yadda Malama ke koya wa yara karatu? Yatsa a ƙarƙashin kalma, ana ja."

"Na tuna. Sai me?"

"Mai karanta zaɓin nan ma da yatsa yake karatu. In ya gama layi, inda ya tsaya nan yake barin yatsan. A babbar kwamfuta ba damuwa, kowane umarni sabon ɗalibi ake kira masa, da yatsansa a farkon layi. A wannan ƙaramar kuwa ɗalibi ɗaya ne tun daga kunnawa har kashewa. Sai wanda ya rubuta aikin ya kama hannunsa ya mayar farko. Ga shi nan a rubuce. Ban mayar ba."

"Yanzu ina yatsan yake?"

"Ranar farko kin ba shi kalma huɗu, ya tsaya a ta biyar. Jiya da safe kika ba shi huɗu, ya duba gurbi na biyar ya ga ba komai, ya ce ya gama. Da yamma kika ba shi shida, ya karanta ta biyar da ta shida. Yanzu yana kan ta bakwai. Nawa da na rubuta ɗazu ko kallonsu bai yi ba."

"To da ka gwada sau arba'in ɗin da kake ta faɗa mana fa?"

Ya rufe littafin a hankali. "Kafin kowane gwaji sai na kashe na kunna. Ni nake goge masa allo da hannuna. Bai taɓa karɓar umarni biyu a jere a gabana ba."

Direba ya buɗe baki, ya dubi fuskar matarsa, ya rufe.

"Bar tarihi, Yaya," in ji Auta. "Akwai mafita ko babu?"

"Akwai, amma sau ɗaya ce. Layi kalma takwas yake ɗauka. Gurbi na bakwai da na takwas suka rage, wato zaɓi ɗaya. In muka yi amfani da shi, yatsan ya faɗa bayan layi, injin ya kurumce. Ba zai ƙara jin komai ba sai an kashe shi. Kina son juyi ya tsaya, kina son zafi ya sauka. Ɗaya za ki samu."

Ba ta ko yi dogon tunani ba. "Tsayar da juyin. Zafi ni na san shi tun kana gidan waya. In suka fara fitowa jikinsu zai ƙara ɗumi, sai in zame murfin ramin iskar nan na sama da faɗin yatsa. Da fitila ma na yi, balle wannan."

"Minti takwas," in ji Direba.

Kashe-Kunna bai taɓa madannai ba tukuna. Ya juya bayan littafin Auta, ya ja gurbi takwas da fensir, ya sa musu lamba. Yana iya cika shidan farko da kowane shirme, tunda ba za a karanta su ba, amma bai yi haka ba. Ya rubuta -j 0 sau huɗu a jere. Ko da akwai wani layi da Auta ta rubuta ta manta ba ta shigar a littafi ba, ko shi ya yi kuskuren ƙirga, duk inda yatsan ya sauka abu ɗaya zai tarar.

"Ƙirga tare da ni."

Suka ƙirga da ƙarfi, su biyu, kamar 'yan aji ɗaya. Takwas cif.

"Yaya," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "in bai ji ba fa?"

"Zai ji."

"Haka ka ce ranar da ka kawo shi."

"Ranar nan zato nake yi. Yau na ƙirga."

Ya rubuta layin da yatsa biyu, ya karanta shi daga hagu zuwa dama, ya sake karantawa daga dama zuwa hagu yadda ake duba saƙon tangaraho kafin a aika. Ya danna.

An saita.

"Haka ya ce jiya ma," Direba ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Sai aka ji wani ɗan gurnani daga bayan injin. Tire ukun suka fara tasowa daga hagu, sannu-sannu, kamar tsoho na miƙewa daga tabarma. Suka zo daidai tsakiya. Gurnanin ya ɗauke.

Direba ya ɗaga agogon hannunsa kusa da hanci. Sha ɗaya saura biyu. Saura ɗaya. Sha ɗaya ta buga, ta wuce da minti ɗaya, da biyu, da biyar. Tiren na kwance lafiya lau, kuma daga ciki ana jin ɗan kuka siriri.

Auta ta zauna a kan benci, ta sa bakin mayafi ta share ido, sannan ta yi tsaki. "Da ka kashe mini su da sai ka nemi wata ƙanwar."

Kashe-Kunna ya yanko salatif baƙi ya manne makunnin gicciye. Ya yagi takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, KADA A KASHE, ya liƙa a sama. Direba ya karanta, ya dafe ciki.

"Wayyo ni! A kira mai hoto! Yaya, wallahi sai na kai takardar nan layin makanikai an gani."

"Ka kai. Amma in hannunka ya zo kusa da nan kafin jibi, da sukudireba zan karɓe shi."

Kwana biyun nan bai buɗe shago ba. Da safe zai zo da kujerarsa mai naɗewa ya zauna gefen injin da ya kurumce, yana rubuta zafi da danshi duk rabin awa, Auta kuma tana zame murfin iska tana mayarwa da ido kawai. Sau ɗaya zafi ya haura, Kashe-Kunna ya miƙe tsaye, ta ce, "Zauna, Yaya, nan ba sashenka ba ne." Ya zauna. Kafin rubu'in awa zafin ya sauko.

Ranar kwana na ashirin da ɗaya gilashin ya cika da motsi. Da aka buɗe washegari, ɗari da arba'in da shida suka fito da ƙafarsu. Cikin sauran, Auta ta fasa ta duba ɗaya bayan ɗaya: mafi yawa dama ba su ɗauka ba, amma goma sha ɗaya sun cika, sun mutu da kai a juye. Ta ce ana samun haka ko a ƙarƙashin kaza. Bai yi mata musu ba. Ya buɗe littafin gwajinsa, ƙarƙashin arba'in cikin arba'in, ya rubuta goma sha ɗaya, ya ja jan layi da rula.

Gyaran kansa layi ɗaya ne: kafin a karanta kowane umarni, a mayar da yatsa gurbi na ɗaya. Ya ƙara wani abu da ba wanda ya roƙe shi. Ya cire "An saita", ya sa injin ya riƙa maimaita abin da ya ji, zaɓi bayan zaɓi, in bai ji komai ba ya faɗa. Daga nan ya hau babur ya bi masu lambun nan uku da makarantar mai ƙararrawa. Nasu bai taɓa nuna matsala ba, don kullum da yamma suke kashewa, amma ya gyara duka. Injin Auta kuwa ya dawo da shi shago, ya bar shi a kunne mako uku cur babu ƙwai a ciki, kullum yana rubuta masa umarni goma a jere, dogo bayan gajere, gajere bayan dogo. Mai walda ya leƙo ya ga fitilar inji na ci shago a rufe, ya tambaya ko Baba ba shi da lafiya.

Sunan dai bai canja ba. Har yanzu in ka kai masa gyara zai kashe ya ƙirga goma. Sai dai kafin ya taɓa makunni yakan ce, "Tsaya. Tun yaushe yake a kunne, kuma me da me ka ce masa?"

Da 'yan tsakin suka yi wata biyu, Auta ta zo gidansa da kwali mai huji, Direba na biye da ita da buhun dusa a kafaɗa. Ta ajiye a gaban Malama: 'yan kaji shida da ɗan zakara mai jan wuya, duk wake-wake, duk gajerun ƙafafu.

"Ba kyauta ba ce, ajiya ce," ta ce. "Kada irin Inna ya sake zama a gida ɗaya."

Malama ta dubi mijinta. "Maigida, ka iya kiwo kuwa?"

"Zan karanta."

"Ki dai sa masa ido, Malama," in ji Direba yana sauke buhu. "Waɗannan in aka kashe ba sa kunnuwa."

Kashe-Kunna bai kula shi ba. Ya riga ya durƙusa gaban kwalin, tabarau a kan hanci, yana ƙirga su da bakin fensir.